Daidai Ƙota, Daidai Hannu

Idan aka ce za a yi maganar wasan golf a shafin da mutanen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ke karantawa, na san da yawa za su ce wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Ina ruwan mai neman kuɗin taki da wasan da attajirai da manyan ma'aikata ke yi a kan ciyawar da ake shayarwa da famfo? Gaskiya ne, babu filin golf a Mairuwa, kuma ba na jin akwai wanda ya taɓa kwana da burin a gina shi. Amma a cikin wasan nan akwai wata al'ada guda da ta shafe mu kai tsaye, domin abin da 'yan wasan ke biyan kuɗi masu kauri a yi musu, shi ne abin da maƙeran garinmu suka yi shekara da shekaru suna yi wa manoma ba tare da sun ƙara ko sisi a kan farashi ba. Al'adar kuwa ita ce a dubi mutum tukuna, a ga yadda yake sarrafa jikinsa, sannan a ƙera masa kayan aikin da ya dace da shi.

Ga wanda bai san wasan ba, golf, wanda wasu kafofin labarai ke kira ƙwallon lambu, wasa ne na buga ɗan ƙaramin ƙwallo da nauyinsa bai kai giram 46 ba, daga wuri mai nisa har a kai shi cikin rami mai faɗin santimita 10.8. Cikakken fili yana da ramuka 18, gwani kuwa shi ne wanda ya gama su da mafi ƙarancin bugu. Dokar wasan, wadda hukumar R&A ta garin St Andrews a ƙasar Sikotilan da takwararta USGA ta Amurka ke kula da ita, ba ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda fiye da 14 ba. Kowace sanda da aikinta: akwai ta dogon zango, akwai ta fitar da ƙwallo daga yashi, akwai ta gangara shi cikin rami idan an zo kusa. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo mana wasan. Filin Rayfield da ke Jos ya samo asali tun 1913, zamanin haƙar kuza, akwai tsofaffin filaye a Kano da Kaduna da Zariya, sai kuma na IBB da ke Abuja wanda aka buɗe a 1991.

Mu Katsinawa ba da golf aka san mu ba. Ƙwallon dawaki ne namu, tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981 kuma sunansa ya kai har ƙasashen waje a wannan wasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin ƙwallon dawaki ya san mahayi ba ya ɗaukar sanda da ka. Yana duba tsayin dokin da zai hau da tsawon hannunsa, idan ya sauya doki ya sauya sanda. Ke nan batun auna sanda ga mai ita ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Sai dai 'yan golf sun mai da shi ilimi mai zaman kansa, da na'urori da ƙwararrun da ba su da wata sana'a sai ita.

Na ga yadda ake wannan awo ne 'yan shekarun baya, lokacin da wani abokin karatuna, wanda likita ya umurta da yawan tafiya a ƙasa har ya faɗa wasan, ya ja ni na raka shi sayen sanduna a Abuja. Saurayin da ke kula da wurin bai bar shi ya taɓa ko sanda ɗaya daga cikin waɗanda aka jera ba. Ya ce, "Yallaɓai, tsaya tukuna mu ga jikinka." Ya auna tsayinsa, ya sa shi ya saki hannuwansa ya auna daga wuyan hannu zuwa ƙasa, ya auna tafin hannunsa da doguwar yatsarsa. Daga nan ya miƙa masa sandar gwaji, ya ce ya yi ta bugu cikin raga yadda ya saba, kada ya yi ƙoƙarin burge kowa. A bayansa akwai wata na'ura mai kama da ƙaramin akwati, tana bin ƙwallon da kan sandar, tana rubuta lambobi a allon kwamfuta. Sai da aka shafe fiye da awa guda ana sauya masa sanda bayan sanda.

Abubuwa huɗu na lura ana nema a wannan dogon gwaji. Na farko tsawon sanda, domin idan ta yi wa mutum gajarta sai ya rusuna fiye da kima, idan ta yi masa tsawo sai ya kasa mallakar ta. Na biyu shi ne zaman kan sandar a ƙasa, wato kusurwar da ke tsakanin jikin sanda da ƙarfen da ke bugun ƙwallo. Akan manna wata takarda a ƙarƙashin ƙarfen, a sa mutum ya yi bugu a kan allo, sannan a duba inda takardar ta goge. Idan dugadugin ƙarfen ne ke fara cin ƙasa, ƙwallon mai bugu da dama zai riƙa karkata hagu. Idan hancinsa ne, sai ya tafi dama, komai iya saitin mai bugun. Na uku taurin jikin sandar: mai saurin hannu yana bukatar mai tauri, mai sanyin hannu yana bukatar wadda ke ɗan lanƙwasa ta taimake shi. Na huɗu kaurin mariƙi, domin siriri kan sa mutum ya damƙe da ƙarfi har hannu ya gaji, mai kauri kuma ya hana wuyan hannu juyawa.

Wannan tsari yana da tarihinsa. A da, lokacin da ake yin jikin sanda da itace, kowane ɗan wasa yana da masassaƙin da ya san hannunsa. Da aka halatta sandunan ƙarfe a Amurka a 1924, a Birtaniya kuma a 1929, sai masana'antu suka fara fitar da su dubbai a kan awo guda, ya rage wa mai saye ya lanƙwasa jikinsa ya bi sandar. Wani injiniya haifaffen Norway mai suna Karsten Solheim, wanda ya fara ƙera sanduna a garejin gidansa a 1959 har ya kafa kamfanin Ping, shi ne ya fito a 1972 da tsarin ɗigon launi, inda kowane launi ke nuna kusurwar da ta dace da wani irin jiki. A 2003 aka kafa kamfanin TrackMan a ƙasar Denmark, mai yin irin na'urar da na gani, wadda ke aiki da rada. Kwanan nan ma wani Ba'amurke, Bryson DeChambeau, ya saɓa wa abin da aka gada, ya sa aka yanka masa sandunansa na ƙarfe duk tsawo ɗaya, inci 37 da rabi, don ya riƙa tsayuwa iri ɗaya a kowane bugu. An yi masa dariya da farko, amma ya ci gasar US Open a 2020, ya sake ci a 2024. Wato bayan dogon zagaye, masu wasan sun koma inda suka baro: sanda ita ke bin jiki.

Abin da ya tsaya mini a rai ina zaune a wurin nan shi ne, babu ko ɗaya daga cikin abubuwa huɗun nan da ban taɓa gani ba. Na gan su a maƙerar unguwarmu a Mairuwa, a ƙarƙashin rumfar kara, inda babu allo babu lamba.

Ina da kimanin shekara goma sha ɗaya mahaifina ya ga na isa a ba ni kunyata a gona. Bai aiki kowa kasuwa ya sayo mini fartanya ba, sai ya kama hannuna muka tafi maƙera ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka. Maƙerin, dattijo ne sa'an mahaifina, ya ajiye masabarsa bayan gaisuwa ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce, "Malam, wannan ne magajin? To, bar shi ya sara mu gani." Ya ɗauko wata tsohuwar fartanya ya miƙa mini, ya nuna mini wani fili a bayan rumfar. Na yi sara kamar goma yana tsugune yana kallo, bai ce uffan ba. Sannan ya ce, "Zo nan, ɗana, miƙo hannunka." Ya gwada ƙotoci uku a jikin damtsena, ya sa na damƙi kowacce, yana duba inda babbar yatsata ta haɗu da sauran. Ya ce wa mahaifina, "Yaron nan yana jan sara zuwa jikinsa, kuma hannunsa bai yi ƙwari ba. Idan na ba shi ruwa mai faɗi, kafin hantsi ya jefar." Ruwa, ga yaran yanzu, shi ne ƙarfen fartanyar.

Ya zaɓi ƙotar marke mai ɗan lanƙwasa, ya rage mata tsawo da gizago, ya kankare mariƙin har ya zauna a tafina. Yaronsa na zuga zugazugi, ya sa wutsiyar ruwan a gawayin ƙirya har ta yi ja, ya kama da awartaki ya huda kan ƙotar da ita. A nan ne gwanintar take, domin yadda ya karkata hannunsa lokacin hudawa shi ne zai yanke kusurwar da ke tsakanin ƙota da ruwa har ƙarshen rayuwar fartanyar. Idan bakin ya buɗe da yawa, sai ta riƙa nutsewa tana kafewa a ƙasa, mai ita yana fizga da ƙugu. Idan ya rufe da yawa, sai ta riƙa shafar ƙasa tana barin saiwar ciyawa, mai ita ya ƙara duƙawa don ya cim mata. Da ya gama ya sake cewa in sara. Ya karɓa, ya mayar wuta, ya ɗan danna wuyan ruwan a kan uwar maƙera sau biyu ko uku, ya miƙo mini. Damina uku na yi da fartanyar nan, kowa a gidanmu ya san tawa ce, kuma duk wanda ya ara sai ya dawo da ita yana cewa ba ta ci masa.

Mai karatu ya jera su ya gani. Tsawon sanda shi ne tsawon ƙota. Zaman kan sanda a ƙasa shi ne buɗewar bakin fartanya. Taurin jikin sanda shi ne zaɓen itace da nauyin ruwa daidai ƙarfin mai sara. Kaurin mariƙi kuwa sunansa bai ma sauya ba. Bambancin kawai, saurayin Abuja yana karanta allo, dattijon Mairuwa yana karanta mutum. Ma'auninsa taƙi ne da kamu, kuma hikimar da ke ciki ita ce taƙin da kamun na mai fartanyar ne, ba na wani mutum da ke can wata ƙasa ba. Ya san wane ne bahago a garin, ya san wanda ya taɓa karaya a kafaɗa, ya san wanda gonarsa ke fadama kusa da madatsar ruwa da wanda tasa ke kan tudu mai tsakuwa.

Ba jiki kaɗai maƙeri ke dubawa ba, har da ƙasa da irin aikin. Kamar yadda ɗan golf ke da sanda 14, haka cikakken manomi ke da nasa jerin: gatari da adda na sassabe, sungumi mai doguwar ƙota na shuka a tsaye, fartanya ta noman firi da maimai, garma ta huɗa, magirbi na sare karan dawa, lauje na yankan ciyawa da shinkafa. A yankinmu, inda ƙasa ke da nauyi kuma ake tayar da kunya don masara da dawa da auduga, garma mai faɗi da gajeriyar ƙota ce ke iya ɗaga ƙasa ta kifa. Amma wanda ya je ƙasar Maraɗi ko Damagaram zai tarar da 'yan uwanmu Hausawa a jigawa suna noman gero da hauyar tsaye, mai ƙota doguwa da ta kai tsayin mutum ko ta fi, suna tura ta a ƙarƙashin rairayi ba tare da sun duƙa ba. Harshe ɗaya, sana'a ɗaya, amma ƙasa ta bambanta, sai maƙeran kowane wuri suka ba ta amsar da ta dace da ita.

Yau wannan ilimi yana zubewa a gaban idonmu, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko kasuwa. Ana ƙera fartanyoyi da yawa a kan awo guda, a ɗaure su dami-dami a kai kasuwannin mako, mai saye ya ɗaga ɗaya ya ji nauyinta, ya taya, ya biya. Sun fi araha, kuma ba wanda zai zargi talaka don ya bi araha. Shi kansa maƙerin ya gane cewa ƙera ashirin iri ɗaya ya fi masa riba a kan ɓata rabin yini yana kallon saran yaro guda. Na biyu kayan tallafi. Na taɓa halartar wani rabo da aka yi a yankinmu gab da damina, inda aka sauke fartanyoyi daga mota, dukkansu tsawo ɗaya, nauyi ɗaya, ƙotarsu ta wani farin itace mara ƙwari. Aka ba ƙato irin wadda aka ba tsohuwa. An yi hotuna, an yi jawabi, amma kafin a gama noman firi na ga da yawansu jingine a zaure, wasu kuma an kai wa maƙeri ya cire ruwan ya sake masa ƙota. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Dalili na uku ya fi ciwo, shi ne rashin tsaro. Marke da ƙirya da aduwa a daji suke, dajin kuwa ya daɗe da zama wurin da mai gatari ba ya shiga da kwanciyar hankali. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a Disambar 2020 da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya, amma mutanen ƙauyukan Faskari da Sabuwa sun riga sun san wannan wuta tun kafin nan. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, ta hana ɗauko itace daga daji da manyan motoci, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya. Ko me mutum zai ce game da waɗannan matakai, sun nuna irin halin da aka shiga. Maƙeran ƙauyuka da dama sun yi hijira zuwa Funtua da wasu garuruwa, inda ba su san hannun kowa ba. Wanda ya rage yana amfani da itacen da ya samu, ba wanda ya zaɓa ba. Ilimin da ake koya ta hanyar zama kusa da uba ana zuga wuta, idan maƙera ta mutu shekara biyar, ya tafi ke nan.

Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne a cikin manyan masifu. Ni kuwa ina ganin jiki magayi ne. Ɗan golf da sandarsa ba ta dace da shi ba, abin da zai rasa shi ne maki, sai ko ɗan ciwon gwiwar hannu. A wasa guda, ko wanda bai ƙware ba da wuya bugunsa ya wuce 120. Manomi kuwa yana kai sara dubbai tsakanin asuba da azahar, kwana bayan kwana, damina bayan damina. Kuskuren yatsa biyu a tsawon ƙota, idan aka ninka shi da wannan adadi, shi ne dattijon da muke gani ba ya iya miƙewa sai ya dafa gwiwa, da matashin da ke haɗiyar ƙwayoyin kashe ciwo kafin ya fita ƙwadago. Muna yi wa noma kirari da na duƙe tsohon ciniki, amma duƙawar da aiki ya wajabta daban, wadda mummunar ƙota ta ƙara daban.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne waɗanda ba a taɓa aunawa ba. Rashin tsaro ya bar mata da yawa da marayu, sun fita ƙwadago a gonakin bakin gari da fartanyar da mazajensu suka bari. Yara suna noma da ta manya. A 1998 asusun IFAD na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da wani bincike kan kayan noman mata a ƙasashen Afirka biyar, Burkina Faso da Senegal da Uganda da Zambiya da Zimbabuwe, ya nuna cewa masu ƙera kaya da masu shigo da su ba kasafai suke tuntuɓar mata ba, alhali su ke yin kaso mai yawa na noman. Sabbin kaya ma ba su tsira ba. Tankin feshi na goyo yana cin lita 16 ko 20, wato kilo 16 ko 20 na ruwa ban da nauyin tankin, an kuma yi igiyoyinsa don kafaɗar babban mutum. Sau nawa muke ganin yaro ɗan shekara 12 yana tangaɗi da shi a tsakanin kunyoyi?

Kuskuren da ke ƙarƙashin duk wannan shi ne zaton akwai wani mutum matsakaici da za a yi wa kaya kowa ya shiga. Rundunar sojan saman Amurka ta gwada wannan zato a 1950, lokacin da aka auna matuƙan jirage 4,063. Wani matashin hafsa mai suna Gilbert Daniels ya ɗauki awo goma na jiki, ya nemi sanin mutum nawa ne suka faɗa tsaka-tsaki a dukkan goman. Bai samu ko ɗaya ba. Kujerar da aka yi don kowa, ashe ba ta dace da kowa ba, daga nan aka koma yin kujerun da ake matsarwa gaba da baya. A jihar Kalifoniya kuma, a 1975 aka haramta tilasta wa 'yan ƙwadagon gona aiki da gajeriyar fartanya, bayan likitoci sun ba da shaida a kan yadda take lalata ƙashin baya. Masu gonakin sun fi son ta ne domin duk wanda ya miƙe ya huta, mai sa ido zai hango shi daga nesa. Ba ina cewa a haramta gajeriyar ƙota a Faskari ba, ƙasarmu da kunyoyinmu suna bukatarta. Abin lura shi ne wane ne ya zaɓi tsawon ƙotar: mai sara, ko wanda bai taɓa sara ba?

Na san akwai masu cewa maimakon gyaran fartanya, kamata ya yi a yi bankwana da ita. Ina tare da su a fata. Amma yankinmu ya daɗe yana jin wannan alkawari. Tun zamanin Turawa aka kafa gonar gwajin auduga a Daudawa, aka shigo da garmar shanu. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ya kawo taki da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, masara ta samu gindin zama. Daga baya maganin feshi ya rage noman hannu. Duk da haka, har gobe babu gidan manomi a Mairuwa da ba a jingine fartanya a bayan ƙofa ba, kuma satar shanu ta mayar da wasu da suka riga suka bar garmar hannu zuwa gare ta. Wanda ke jiran tarakta, da bayansa yake jira. Kafin ta iso, wajibi ne abin da ke hannunsa ya daina cin jikinsa.

Gyaran kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Duk mai niyyar rabon kayan noma, hukuma ce ko ƙungiya ko mai neman ƙuri'a, ya daina sayo dami daga nesa. Ya ba manomi takardar shaida ya kai wa maƙerin garinsu, a ƙera masa tasa, a biya maƙerin. Kuɗin ya zauna a gari, sana'a ta rayu, kayan kuma ya shiga gona maimakon zaure. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda tushenta ya koma 1922 kuma ta zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da cibiyar injinan noma ta ƙasa da ke Ilori, da hukumar KTARDA ta jiharmu, suna da masanan da za su iya zama da Sarakunan Maƙera su fitar da jadawali mai sauƙi, irin na ɗigon launin Solheim: mai tsayi kaza, ƙota kaza, ta mace, ta yaro, ta bahago. Ko da awo uku aka samu a kasuwa maimakon ɗaya, an rage ɓarna. A kuma sa marke da ƙirya da aduwa cikin itatuwan da ake rabawa lokacin dashe, domin ƙotar shekara goma masu zuwa yau ake shuka ta.

Ga ɗalibanmu na jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma da Zariya, musamman masu karatun injiniya da aikin gona da lafiyar jiki, ga aikin bincike a ƙofar gida. Ku ɗauki tef ɗin awo da waya mai ɗaukar hoto, ku nemi tsofaffin maƙeran da suka rage, a garuruwansu ko a inda hijira ta kai su. Ku tambaye su me suke dubawa idan mutum yana sara, ku auna kusurwar da suke hudawa, ku gwada ta da tsayin mai fartanyar da irin ƙasar gonarsa, ku rubuta da Hausa yadda ɗan maƙeri zai karanta. Abin da kamfanonin golf suka kashe dukiya suka gano da rada yana nan a idon waɗannan dattawa, kuma ba su da yawa, ba su kuma ƙara ƙuruciya.

Kai kuma manomi, ko ɗan manomin da ke aika kuɗin kayan aiki gida daga birni, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ruwa ya sauka, a kai fartanya da garma maƙera tare da mai aiki da su, ba a aiki yaro da su ba. A bar maƙeri ya ga sara, a rage ƙotar da ta yi tsawo, a sauya wadda ta yi gajarta, a yi wa uwa tata, a yi wa yaro tasa. Ɗan abin da za a ƙara a kan farashin kasuwa bai kai kuɗin maganin ciwon baya na wata guda ba. Idan mai wasa ya ga jikinsa ya cancanci a auna shi kafin a ba shi sanda, wanda ke ciyar da ƙasa ya fi shi cancanta. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiyar da za a shiga daji a saro ƙota a dawo gida lafiya.